Jikin wa ne? Amsa ga ɗalibin da ya ga an hana taɓa gawa a wani asibitin ƙasar Sin

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin likitanci ne, shekarata ta huɗu ke nan a ƙasar Sin. Watan jiya aka kawo wani matashi asibitin da muke koyon aiki, ya yi hatsarin babur, ƙwaƙwalwarsa ta mutu, na'ura ce kawai ke riƙe da numfashinsa. Ashe tun yana da rai ya yi rajistar ba da sassan jikinsa ta wayarsa. Da aka tuntuɓi iyayensa sai uban ya ce cikakke ya ba shi jikin nan, cikakke kuma zai koma. Likitoci suka haƙura. Abin ya tsaya mini a rai, domin yawancin abokan karatuna cewa suke yi ba su da addini. Amma su ɗin ne ba sa shan ruwan sanyi ko ana zafi, matar ɗaya daga cikinsu da ta haihu sai da ta yi wata guda ba ta wanke kai ba, tsofaffinsu kuma kullum da asuba suna filin shaƙatawa suna juya hannu a hankali. Malam, daga ina waɗannan abubuwa suka samo asali, kuma akwai gaskiya a cikinsu?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Maganar da dattijon nan ya faɗa a ƙofar ɗakin jinya ta girme shi da fiye da shekara 2000. Kusan kalma da kalma haka take a littafin da kakanninsa suka haddace suna yara.

Idan Basine ya ce maka ba shi da addini, abin da yake nufi galibi shi ne bai yi rajista da wani wurin ibada ba, ba ya bin wani limami ko fada. Wannan ba zai hana shi shiga jirgin ƙasa a farkon watan Afrilu, lokacin bikin Qingming, ya tafi ƙauyensu ya share kabarin kakansa, ya ajiye masa abinci, ya rusuna ba. Koyarwar tsohon malaminsu Konfushiyas da ta mabiya Dao, wato Hanya, sun daɗe da barin littafi suka shige cikin tarbiyya, kamar yadda kunya ta shige tarbiyyar Bahaushe har ba ya tambayar inda ya koye ta. Abubuwan da ka gani rassa biyu ne. Gawar da aka hana taɓawa reshen Konfushiyas ce. Ruwan zafi da jego da motsin tsofaffi sun fi kusa da reshen Dao da likitancin gargajiyar da ya girma a gefensa.

Konfushiyas, wanda Sinawa ke kira Kongzi, ya rayu daga shekarar 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa, a ƙasar Lu da ke cikin lardin Shandong na yanzu. Akwai wani ɗan littafi mai suna Xiaojing, wato littafin biyayya ga iyaye, wanda aka tsara shi a matsayin hira tsakaninsa da almajirinsa Zengzi. A babin farko malamin yake cewa: jikinmu, da gashinmu, da fatarmu, daga iyayenmu muka karɓe su, kada mu kuskura mu lalata su ko mu ji musu ciwo, wannan shi ne farkon biyayya. A littafin da aka tattara zantukan Konfushiyas kuma an ba da labarin ranar da Zengzi ke kwance yana jinyar ajali. Sai ya kira almajiransa ya ce su buɗe ƙafafunsa su duba, su buɗe hannuwansa su duba. Ya ce musu duk tsawon rayuwarsa a ɗar-ɗar ya yi ta, kamar mai tsaye a bakin rami mai zurfi, kamar mai taka siririyar ƙanƙara, sai yanzu ya san ya tsira. Tsirar da yake nufi ita ce zai mayar da jikin yadda aka ba shi, ba a guntule masa komai ba.

Mu Musulmi ba baƙi ba ne ga cewa jiki amana ne. Muna da hadisin da ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka, da wanda ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Inda muka rabu shi ne wanda ya ba da amanar. A wurinmu Allah ne. A wurin Konfushiyas iyaye ne, su ma daga nasu iyayen suka karɓa, kai kuma za ka miƙa wa 'ya'yanka. Mutum zobe ɗaya ne a cikin sarƙa. Shi ya sa Mengzi, wanda ya zo bayansa, ya ce rashin biyayya iri uku ne, mafi girmansu shi ne mutum ya mutu bai bar baya ba. Idan ka riƙe wannan za ka gane abin da ya sa a asibitin da kake likita ke fara gaya wa dangi cewa ciwon daji ne kafin ya gaya wa mai ciwon, da abin da ya sa rajistar da matashin nan ya yi a wayarsa ba ta rinjayi kalma ɗaya daga bakin ubansa ba. A idon uban, yaron ya yi kyauta ne da kayan da ba nasa shi kaɗai ba.

Kada ka ɗauka maganar gashi da fata ado ne na magana. An zubar da jini a kanta. A shekarar 1645, bayan ƙabilar Mancu daga arewa maso gabas sun ci ƙasar sun kafa mulkin daular Qing, sai suka ba da umarni kowane namiji ya aske gaban kansa ya bar kitso ɗaya a baya irin nasu. Mazan Sin a lokacin ba sa aski, tara gashin suke yi su ɗaure a tsakiyar kai. Aka riƙa cewa: ka bar gashi ka rasa kai, ko ka bar kai ka rasa gashi. Garuruwa irin su Jiangyin da Jiading suka yi tawaye, aka yi musu kisan gilla. A Koriya ma da aka kafa dokar aski a ƙarshen shekarar 1895, malaman Konfushiyas na cikin waɗanda suka tayar da ƙayar baya. Babannin fadar Beijing kuwa, waɗanda aka yi wa dandaƙa suna yara, adana abin da aka yanke musu suke yi a cikin tulu tsawon rai, don ranar da suka mutu a binne su tare, su isa wurin kakanni a cike.

Wannan ya shafi sana'arka kai tsaye. Ƙarni bayan ƙarni likitocin Sin suna zana kayan ciki, amma da wuya su feɗe gawa. Wani likita mai suna Wang Qingren ya kasa haƙuri da haka. Lokacin wata annoba da ta kashe yara da yawa sai ya riƙa zuwa maƙabarta da sassafe yana duba gawarwakin da karnuka suka tone, yana kwatanta abin da ya gani da abin da ke cikin littattafai. A 1830 ya fitar da littafinsa na gyaran kurakuran likitoci. Sai a 1913 doka ta halatta feɗe gawa don karatu. Da 'yan kwaminis suka hau mulki sun yi ƙoƙarin karya al'adar daga sama. A 1956 shugabansu Mao da manyan jam'iyya suka sa hannu a takardar amincewa a ƙona gawarwakinsu, ko da yake shi Mao ɗin ba a ƙona tasa ba, tana nan ajiye a Beijing. Deng Xiaoping, wanda ya jagoranci ƙasar daga baya ya rasu a 1997, ya bar wasiyya a ciri sashen idonsa da ake dasa wa marasa gani, a yi nazari da gawarsa, a watsa tokarsa a teku. Yau ƙona gawa ya zama ruwan dare a birane, amma yanka ta a ciri wani abu har yanzu yana yi wa iyalai da yawa nauyi.

Ƙarancin masu ba da kyautar sassan jiki ya buɗe ƙofar wata mummunar ɓarna, kuma ya kamata ka san ta tunda a can kake karatu. Shekaru da dama yawancin ƙoda da hantar da ake dasawa a ƙasar daga jikin fursunonin da aka zartar wa hukuncin kisa ake ciro su. Huang Jiefu, mataimakin ministan lafiya a lokacin, ya amsa haka a 2005. A 2010 aka fara gwajin tsarin ba da kyauta don raɗin kai tare da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasar, gwamnati kuma ta ce daga 1 ga Janairun 2015 an daina amfani da na fursunoni. Wani kwamitin bincike mai zaman kansa da ya zauna a Landan ƙarƙashin lauya Geoffrey Nice ya yanke a 2019 cewa an ci gaba da cire sassan jikin fursunonin aƙida da ƙarfi, gwamnatin Sin kuwa ta musanta. Na kawo wannan ne don kada ka ɗora wa Konfushiyas laifin duka. Uban da ke jin tsoron a taɓa ɗansa yana iya haɗa tsohuwar tarbiyya da sabon rashin yarda: wa zai amfana, nawa za a biya, an tabbatar yaron ya mutu kuwa?

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne koyarwar nan da kanta tana da wata fuska. A tsofaffin tarihan Sin akwai labaran 'ya'yan da suka yanki tsokar cinyarsu suka dafa a cikin magani suka ba iyayensu marasa lafiya, aka kuma yabe su a kan haka. Tunda jikin na iyaye ne, mayar musu da shi ba ɓarna ba ce. Ga shi yau Koriya ta Kudu da Taiwan suna sahun gaba a duniya wajen dashen hanta daga mai rai, kuma sau da yawa ɗa ne ko 'ya ke kwanciya a yanki wani sashe na hantarsa a sa wa uba. Al'ummar da ke ƙyashin taɓa mamaci ita ce ke miƙa cikin mai rai ga wuƙa. Duk wanda ya yi aiki a irin wannan sashe ya san akwai damuwa a ciki, domin yaron da dangi suka zuba wa ido yana da wuya ya ce a'a, ko da zuciyarsa ba ta so.

Yanzu ga ɗaya reshen. Mabiya Dao suna jingina kansu ga Laozi, wanda ake danganta masa littafin Daodejing mai babi 81, da Zhuangzi wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Su ba gadon iyaye suke gani a jiki ba tukuna, motsi suke gani. Kalmarsu ita ce qi, ana furta ta kusan kamar yadda muke cewa ci. Ma'anarta ta haɗa numfashi da tururi da ƙarfin da ke gudana a cikin kowane abu. A littafin Zhuangzi an ce rayuwar mutum taruwar qi ce, idan ya taru rai ke nan, idan ya watse mutuwa ke nan. Don haka shi bai ɗauki gawa da nauyin da Zengzi ya ɗauke ta ba. Da almajiransa suka so yi masa gagarumar jana'iza cewa ya yi sama da ƙasa su ne akwatinsa. Suka ce suna tsoron hankaki da shirwa su cinye shi. Ya ce a sarari tsuntsaye su ci, a rami tururuwa su ci, me ya sa za a ƙwace wa wancan a ba wannan?

Abin da ya dame su shi ne yadda za a tattala rai tun yana nan, abin da suke kira yangsheng, wato kiwon rai. Labarin da aka fi sani a kan haka na wani mahauci ne mai suna Ding. Sarki ya ga yana feɗe sa kamar mai rawa, ya tambaye shi sirrin. Ya ce mahauci na gari sau ɗaya a shekara yake canza wuƙa don yanka yake yi, gama-garin mahauci kowane wata don sara yake yi, shi kuwa shekara 19 ke nan yana aiki da wuƙa ɗaya, har yanzu kamar yau aka wasa ta, saboda ramukan da ke tsakanin gaɓɓai yake bi, ba ya karo da ƙashi. Sarki ya ce yau ya koyi kiwon rai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga Sarkin Fawa na raba ƙafar sa da ɗan motsin wuyan hannu, ba gumi ba hayaniya, ya ga abin da ake nufi.

Daga wannan tunani likitancinsu ya sha ruwa. Babban littafinsa, Huangdi Neijing, wanda aka tattara kimanin shekara 2000 da suka wuce, ya ɗauki jiki a matsayin ƙaramar masarauta: zuciya sarki, huhu waziri, hanta sarkin yaƙi. Lafiya ita ce daidaito tsakanin yin da yang, sanyi da zafi, damshi da bushewa, kwanciya da motsi. Littafin ya ce mai jiran ciwo ya kama kafin ya nemi magani kamar mai haƙa rijiya ne bayan ƙishi ya kama shi. Mu cewa muke yi ba a fafe gora ranar tafiya. A 1973 masu tonon tarihi suka buɗe wani kabari a Mawangdui kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe tun shekarar 168 kafin haihuwar Annabi Isa, suka sami ƙyallen alharini da aka zana mutum 44 a kai, maza da mata, kowa na miƙa ko lanƙwasa ko juyi, wasu an rubuta a gefensu ciwon da motsin ke magani. Tsofaffin da kake gani da asuba jikokin wannan ƙyalle ne.

Na zauna wata shida a kusa da irin wannan fili. Ƙarfe biyar da rabi, ina dawowa daga sallah, na kan same su sun riga sun taru. Wata tsohuwa da ba za ta gaza shekara 80 ba takan rataye jakarta a reshen bishiya, ta ajiye fulas ɗinta a gindi, ta buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa. Sai ta ɗaga hannu biyu a hankali kamar mai ɗaga faifai cike da gari a cikin iska, ta sauke, ta juya ƙugu, nauyinta ya koma kan ƙafa ɗaya ba ko girgiza. Na gwada bin ta wata rana, cikin minti goma cinyoyina suka fara rawa. Wannan motsi da ake kira tai-ci, wanda yawancinsu ke yi, shi ma ba tsohon ba ne kai tsaye, gajeren salo ne mai motsi 24 da hukumar wasanni ta ƙasa ta tsara a 1956 don kowa ya iya. A 2020 UNESCO ta sa shi cikin al'adun gadon ɗan Adam. A nan akwai gaskiya da za ka iya dogara da ita a matsayinka na likita: gwaje-gwaje sun nuna yana ƙara wa tsofaffi daidaiton tsayuwa, yana rage faɗuwa. Ba sai ka yarda akwai hanyoyin qi a cikin jiki ba kafin ka ga amfanin tsoho ya fito kullum ya motsa gaɓɓansa tare da tsaransa.

Ruwan zafi labarinsa biyu ne. A tunanin gargajiya ciki kamar tukunya yake a kan murhu, idan ka zuba masa sanyi ka kashe wutar da ke dafa abinci. Matar da na yi haya a gidanta ta taɓa ganina da gorar ruwa mai ƙanƙara ina fama da mura, ta karɓe ta daga hannuna ba ta ce komai ba, ta dawo da kofin ruwan zafi da yankan citta uku a ciki, ta tsaya sai da na shanye. Amma abin da ya kai fulas kowane ofis da kowane taragon jirgin ƙasa aikin gwamnati ne, musamman gangamin tsafta na 1952 da ya dage a kan tafasa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. Tsohon dalili da sabo suka haɗu a kofi ɗaya. Ruwan sanyi mai tsafta ba ya cutar da mai lafiya, ruwan da aka tafasa kuwa ya ceci rayuka masu yawa daga kwalara da zawo.

Jegon matar abokinka shi ne inda za ka fi jin kamar kana gida. Suna kiransa zuo yuezi, zaman wata. Sun ɗauka haihuwa tana zubar da jini da zafin jiki, ta bar gaɓɓai a buɗe, iska da sanyi su shiga su zauna har tsufa. Saboda haka mai jego ba ta fita, ba ta taɓa ruwan sanyi, a tsohon salo ba ta wanka ba ta wanke kai, ana ɗura mata romon kaza da citta, a Taiwan da man riɗi. Yanzu abin ya zama kasuwa: akwai matan da sana'arsu ke nan a ɗauke su haya na wata guda, akwai gidajen jego masu kama da otal. To ka tuna gida. Mu ma sanyi muke tsoro ya shigi mai jego, sai dai mu da ruwa muke korarsa: wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji, a wasu wuraren har da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, har a yi arba'in. Tsoro ɗaya, magani biyu masu saɓa wa juna, wannan kaɗai ya isa ya sa likita ya tsaya ya tace. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta yadda ciwon gazawar zuciya ya yawaita a tsakanin masu jego a yankin, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafi. A can Sin kuma rashin wanka da doguwar kwanciya ba motsi suna iya jawo ƙwayoyin cuta da daskarewar jini a jijiya. Abin da ke da kyau a duka biyun, wanda nake jin takaicin ganin yana raguwa a biranenmu, shi ne a ɗauke wa mace aiki na makonni, a ciyar da ita, a kewaye ta da mata 'yan'uwanta.

Neman tsawon rai ya taɓa kai mabiya Dao ga halaka. Masu haɗa maganin dawwama sun riƙa dafa zaiba da dalma, kuma sarakunan daular Tang da dama, cikinsu har da Xianzong da Wuzong, ana danganta mutuwarsu ko haukacewarsu da waɗannan ƙwayoyi. Amma daga cikin irin waɗannan malamai ne Ge Hong ya fito a ƙarni na 4, wanda ya rubuta cewa mai zazzaɓi ya jiƙa ganyen qinghao, ɗan'uwan tazargade, a ruwa ya matse ya sha. Tu Youyou ta karanta wannan layi, ta lura bai ce a dafa ba, ta gane zafi ne ke lalata sinadarin, ta canza hanyar tatsarsa. A farkon shekarun 1970 aka sami atemisinin, wanda shi ne ƙashin bayan maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaranmu a yau, ita kuma ta sami kyautar Nobel a 2015. Ka lura, ganye da haɗi sama da 2000 ta tattara daga tsofaffin littattafai da bakin masu magani, gwaji ne ya fitar da guda ɗaya.

Inda ba a yi gwajin ba kuwa kasuwa ce ke mulki, kuma wannan kasuwa ta iso har ƙofar gidanmu. Akwai wani abu da suke kira ejiao, ana dafa fatar jaki har ta zama ƙullu, a ce tana ƙara jini. Da masu kuɗi suka yawaita a Sin jakunansu suka kasa, sai dillalai suka bazamo Afirka. Manomi da mai ɗiban ruwa da mai kai taki gona suka wayi gari kuɗin jaki ya fi ƙarfinsu. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024. Babu ingantacciyar shaidar da ta nuna ƙullun nan ya fi abinci mai kyau da ƙwayar ƙarin jini ta asibiti. Laozi da ya yi ta wa'azin rage buri da sanin isa, da wuya ya gane kansa a cikin wannan ciniki.

Abokan karatunka kuwa a tsakiyar rassan biyu suke. Da yawansu 'ya'yan tilo ne, waɗanda aka haifa ƙarƙashin dokar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, iyaye biyu da kakanni huɗu duk a wuyan mutum ɗaya. Tun 2013 doka ta wajabta musu ziyartar tsofaffinsu. Suna fita aiki su tarar da tsarin 996, tara na safe zuwa tara na dare kwana shida a mako, wanda kotun ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa doka a 2021. Shi ya sa za ka ga saurayi ya kwana a gaban kwamfuta, da safe ya jefa jajayen 'ya'yan wani itace da ake kira goji a fulas yana cewa yana kiwon rai. Matashin da ya rasu a asibitinku wataƙila shi kaɗai iyayensa suka haifa. Ka auna maganar uban da wannan ma'auni.

Wata rana kai ne za ka tsaya gaban irin wannan uba, a can ko a gida. Kada ka soma da lissafin mutum nawa za a ceta, kuma kada ka nuna masa rajistar wayar kamar takardar kotu. Ka duba yadda jami'ar Tzu Chi da ke Hualien a Taiwan ta yi, wadda mabiya addinin Buddha suka kafa a cikin al'umma mai wannan tarbiyya. Tun tsakiyar shekarun 1990 suke kiran gawarwakin da aka ba su don karatu malamai marasa magana. Kafin ɗalibi ya ɗauki wuƙa sai ya ziyarci iyalan mamacin, ya san sunansa da sana'arsa da abin da yake so, hotonsa na nan a gefen teburin aiki. Idan an gama karatu ɗaliban ne da kansu ke mayar da kowane sashe mazauninsa, su ɗinke fatar a tsanake, su sa masa tufafi, su sa shi a akwati, su raka shi tare da 'ya'yansa. Da iyalai suka ga haka, dubban mutane suka sa hannu za su ba da jikinsu.